Tsakuwa a Cikin Gurmi

Ƙarfe biyun dare a bayan Kasuwar Barci,
teloli sun rufe, ni ban rufe ba.
Shagona taku huɗu ne da taku uku,
bangon na liƙe shi da kwalin ƙwai da tsohuwar katifa.
A allon kwamfuta, gurmin Baba Jatau
ya miƙe kore shar kamar kunyar gyaɗa.

Na danna. Tsirkiya biyu suka fara zance.
Tafiya ta yi tafiya, sai: ƙas.
Kamar kana tsakiyar garau-garau
haƙori ya gamu da tsakuwa.
Na koma baya, ya wuce sumul.
Na sake. Ƙas, amma ba a wurin ɗazu ba.

To, mai yawo ba a jikin kiɗan yake ba,
na'ura ce ke haki.
Na duba bafa: ɗari da ashirin da takwas.
Ludayi aka ba ta, aka ce ta kwashe kogin Kaduna.
Na kai ta dubu da ashirin da huɗu,
na kashe filogin bakwai masu cin ƙarfi,
har da na amsa-kuwwa da nake ji da shi.
Biyar suka ɓace. Da saura.

Katin sauti na ƙirga arba'in da takwas,
manhaja na ƙirga arba'in da huɗu,
mutum biyu sun ɗauki katako ɗaya
kowa da nasa takun.
Na sasanta su.

Sai wayar makirofo da Shamwilu ya sayo,
wai ya samu araha a hannun wani abokinsa.
Na murɗa wuyanta, ta yi ƙaras-ƙaras.
Gobe zai ji daga bakina.

Ɗas! Wannan na san shi.
Firjin Maman Rifkatu mai zoɓo ne,
layinmu ɗaya, duk sanda ya farka sai ya gaishe ni.
Na zare caja, na koma kan batir,
shayina ya huce, ƙuda ya mutu a ciki.

Akwai kuma laifina.
Inda na yanka jiya cikin gaggawa,
na sare igiyar sauti tana tsaka da hawa.
Na buɗa hoton har ya zama zare ɗaya,
na sassauta bakin kowane yanka,
yadda tela ke kalmashe bakin riga
don kada ya zare.

Saura ɗaya.
Minti uku da daƙiƙa sha ɗaya.
Na kunna sau goma, yana nan inda yake,
bai gusa ko da faɗin gashi ba.
Na matso da shi har ya cika allo.
Ƙas ɗin na'ura tsaye yake kamar ƙusa,
ba kai, ba wutsiya.
Wannan yana da 'yar jela,
yana da ɗumin ƙoƙo a bayansa.

Sai na ga tsohon a kan bencin nan,
ya tuɓe takalmi, ya ce fanka na damun sa,
ya rufe ido ya sunkuya,
zoben azurfa a ɗan yatsansa
ya bugi cikin gurmin sau ɗaya.
Ya buɗe ido ya ce in yi haƙuri.
Na ce ba komai, Baba, zan goge.

Sati uku ke nan da aka kai shi makwanci a Rigachikun.
Lantana za ta zo da ƙarfe tara
ta karɓi muryar ubanta a ɗan katin waya.

Kibiya na kan wurin. Yatsana na kan maɓalli.
Shekara goma sha huɗu ina tsince tsakuwa,
ita ake biya na in tsince.

Masallacin teloli ya yi gyaran murya.
Na janye hannu, na adana aikin,
na fita neman buta.